Katin Asibitin Tsohon Soja: Inda Takardu Ke Maƙalewa

Na sha raka 'yan mazan jiya a nan Bauchi neman magani da katin DHML, kamfanin da ke riƙe da inshorar lafiyar sojoji da waɗanda suka yi ritaya. A ƙa'ida katin na ɗaukar mutum da mata ɗaya da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu ya san da wannan tun kafin ciwo ya zo.

Abin da ya fi tsayar da mutane shi ne suna. Takardar sallama ta ce Mohammed, NIN ta ce Muhammadu, BVN kuma ta sa sunan uba a gaba. Kwamfuta ba ta san kara ba. Shi ya sa kafin mu fita nakan ce a shimfiɗa takardun a tabarma, a bi su harafi-harafi, har da lambar aiki da ranar haihuwa. Inda aka ga saɓani a yi takardar rantsuwa a kotu, a kai ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, da banki a gyara. Saɓanin nan ne dai ke sa fansho ya tsaya lokacin tantancewa.

Sai zaɓen asibitin farko, wato wanda mai katin zai yi rajista da shi ya riƙa fara zuwa. Da yawa kan rubuta na barikin Shadawanka da ke garin Bauchi don sabo, alhali a Misau ko Azare suke zaune. Kuɗin mota ya cinye amfanin katin. Kuma in ba ciwon gaggawa ba, kada a wuce kai tsaye Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sai asibitin farko ya rubuta takardar turawa, DHML ta ba da lambar amincewa. Babu lambar nan, daga aljihu za a biya. A ɗauki hoton takardar da waya, don takan ɓace tsakanin teburi da teburi.

Batun sana'a bayan ritaya kuwa, wanda ya koyo kiwon kaji a cibiyar koya wa sojoji masu barin aiki sana'a da ke Oshodi a Legas kada ya zuba garatutinsa duka. Ya fara da kajin nama 100: cikin mako 6 zuwa 8 za su ci buhu 16 zuwa 20 mai kilo 25. Rigakafin cutar Gumboro da kuma Lasota, wato rigakafin cutar Newcastle, ba a ɗaga musu rana. Kada ya bari girmansu ya faɗo a Maris ko Afrilu, zafi na kashe manya. Tun suna mako 4 kuma ya samu mai gasa kaza ko ɗan kasuwar Muda Lawal da zai kwashe su in sun kai, don kowace rana bayan sun kai, riba suke ci.