Daga Bakin Tekun Snettisham Zuwa Madatsar Rutland

Wata ne ya tsayar mana da ranar tafiya. Dattijon Baturen da muke maƙwabtaka da shi a Lesta ta ƙasar Ingila, wanda ya yi ritaya daga koyarwa ya koma bin tsuntsaye, ya ce in dai ina son ganin abin da ke kai mutane Snettisham, wani ƙauye a bakin tekun gabashin ƙasar, sai mun dace da babbar cikar teku, ita kuwa ba ta zuwa sai kwana kaɗan bayan tsayuwar wata ko bayan cikarsa. Ya buɗe jadawalin ruwa, ya ɗora yatsa kan wata safiya a ƙarshen Agusta. Tun da sauran dare muka kama hanyar gabas. Na yi asuba a gefen titi kafin mu shiga King's Lynn, shi kuwa yana cikin mota yana kurɓar shayi daga fulas.

Daga inda ake ajiye mota zuwa bakin ruwa tafiyar ƙafa ce mai ɗan tsawo, kan tsakuwa, ga iska mai sanyi duk da su a wurinsu bazara ba ta fita ba. Mun tarar da mutane sun riga mu, kowa da madubin hangen nesa a wuya, wasu sun kafa nasu kan ƙafa uku, babu mai ɗaga murya. Gabanmu fili ne na taɓo iyakar ganin ido, mashigin tekun da ake kira Wash. Da farko ban ga komai ba sai laka. Da dattijon ya saita mini madubi na ga ashe lakar ce ke motsi: ƙananan tsuntsaye ne masu ruwan toka, jiki da jiki, suna gudu a ƙasa ruwa na biye da su.

Ba sa tashi sai dole. Ruwa na cin filin, suna matsawa, har ya zama babu inda za a sa ƙafa. Sai suka tashi gaba ɗaya, dubu bisa dubu, garken ya miƙe, ya naɗe, ya yi baƙi, da suka juya ciki sai ya koma fari fat. Wanda ya taɓa tsaron gero a fadamar Haɗeja ya ga saukar jan-baki ya san irin wannan tashin, sai dai a nan babu mai kaɗa gwangwani, kowa baki buɗe yake kallo. Suka bi ta kanmu ƙasa-ƙasa, ana jin shuuu na fukafukai, suka zube a tsofaffin ramukan haƙar tsakuwa da ke bayanmu, waɗanda ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke kula da su. Waɗannan tsuntsaye daga arewacin Kanada da Girinlan suka sauko, yawancinsu a nan za su ci hunturu. Ba su da hulɗa da mu, ba sa zuwa ƙasarmu.

Masu hulɗa da mu a gona na same su, kuma nan ne tafiyar ta fi kama ni.

A hanyar komowa mun ratsa ƙasar da babu tudu ko ɗaya, tsohuwar fadama ce da aka janye wa ruwa aka mai da gonaki. An kusa gama girbin alkama, manyan injina na tafe suna tayar da ƙura, gefe guda kuma gwozar da suke yin sukari da ita tana nan kore shar. Muka tsaya a bakin wata makiyaya. Tsattsewa sun jeru kan wayar lantarki, ba sa zama minti guda ba su tashi ba. Waɗannan sai Afirka ta Kudu, ta kanmu kawai za su wuce. Amma a ƙarƙashin shanu akwai wasu 'yan tsuntsaye masu ɗorawar ciki, suna kaɗa jela, suna cafke ƙwarin da kofato ya tayar. Na san su sarai. Da kaka ta yi, su ne ke bin shanun Fulani a bakin fadama, muna yara muna fakon su da danƙo. Ban taɓa tambayar kaina inda suke tafiya da damina ba.

Har da balbela guda biyu a cikin garken. Dattijon ya rikice, yana ta rubutu a ɗan littafinsa, don sai a 2008 aka fara samun ta yi ƙwai a Ingila. Na yi dariya har ya ji haushi. Tsuntsun da ko yaro ba ya ɗaga kai ya kalla a garinmu!

A cikin shingen ƙaya ya nuna mini wani ɗan mitsitsi mai farin maƙogwaro, yana ta haɗiyar 'ya'yan itace. Kitse yake tarawa, da shi zai ƙetare Bahar Rum da Sahara. Ya ce a 1969 masu ƙidaya suka fita kamar kullum, sai suka tarar kusan kashi uku cikin huɗu na irin wannan tsuntsu ba su dawo ba. Aka yi ta neman dalili a gonakin Ingila ba a samu ba, daga baya aka gano ruwa ne bai sauka a Sahel ba a 1968. Farkon farin nan ne da ya kai ga yunwar 1973, wadda iyayenmu ke ba da labarinta har yau. Wato kafin duniya ta ji kukan mutanenmu da shanunsu, alamar ta riga ta shiga littafin masu ƙirga tsuntsu a wata ƙasa. Abin ya tsaya mini a rai. Muka nemi kurciyar nan mai zanen wuya da ita ma ke hunturu a Senegal da Mali, ba mu ga ko ɗaya ba. Ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 tun shekarun 1970, kuma a nan laifin har da na Turawa: maganin ciyawa ya share ƙwayoyin da take tsinta, ga maharba a hanya.

La'asar ta same mu a Rutland. Madatsar ruwa ce da aka gina a shekarun 1970, zamanin da aka gina Tiga, kuma a faɗi babu kamarta a Ingila. Ta ci ƙauye, ta bar wani tsohon coci a Normanton tsaye a bakin ruwa, an cike ƙasansa da duwatsu. A ƙarshen bazara ruwa ya ɗan ja, taɓo ya fito, masu dogayen ƙafa na ta caccaka. Mun zauna a wata rumfar katako mai ƙananan tagogi a ɓangaren Lyndon, muna fuskantar sheƙar shahon kifi da ke kan dogon turke a tsakiyar ruwa.

Irin wannan shaho ya ƙare ƙaf a yankin, sai a 1996 aka fara ɗauko 'ya'yansa daga Sukotland ana sakin su a nan, a 2001 suka fara ƙyanƙyasa. Uwar ta riga ta tafi, haka al'adarsu take. Saura uban da ɗa guda, ɗan na ta ihu kan reshe. Can sai uban ya tsaya cak a sama, ya dunƙule, ya faɗa ruwa da ƙafa a gaba, ya taso da kifi, ya juya kan kifin ya fuskanci gaba don iska kada ta dame shi. Nan da kwana kaɗan ɗan zai kama hanyar Senegal ko Gambiya shi kaɗai, babu mai nuna masa, kuma ba zai waiwayo Ingila ba sai ya kai shekara biyu.

A mota na kira kawuna da ke noman shinkafa a gefen Haɗeja, na ce, "Kawu, baƙinku na nan tafe, yau na gan su suna shiri." Ya ce marka ta hana su sakat, kachalla ta sake toshe hanyar ruwa, sannan ya ce, "To ɗana, ka tambayar mini Baturen naka, tunda sun iya ƙirga tsuntsu, ko suna da dabarar jan-baki?" Na fassara wa dattijon. Ya rage gudu, ya ce in tambayi kawu a wane wata suke sauka, kuma ta wace kusurwa suke fitowa.