Ruwa gidansa yake nema

Ruwan asubar yau a Katsina bai kai awa ɗaya ba, amma sai da na naɗe wando har gwiwa kafin in fita layinmu. Wani dattijo a ƙofar masallaci ya dube ni ya ce, "Yaro, ruwa gidansa yake nema." Ya nuna shagunan da ke gabanmu. Na ce, "Wallahi Baba, haka ne." Wurin nan kududdufi ne a da, duk ruwan unguwa can yake gangarawa ya kwanta, ƙasa ta shanye shi a hankali. Aka cike shi da shara, aka yanka filaye. Kwalbatin kuwa leda ta toshe shi.

Tun ɗazu kukan kwaɗin wurin nake tunawa, da damina ko barci ba sa barin mu yi.