Tayoyi biyu ba su isa hunturun Ottawa ba

Makon jiya ɗan ƙanwata, wanda bai cika shekara da zuwa karatu nan Ottawa ba, ya shigo gidana da murnarsa ya ce, "Kawu, na samu tayoyin hunturu guda biyu na hannu da araha, zan ɗaura su a gaba tunda gaban motar ne ke ja." Na daɗe ina kallonsa ban ce uffan ba, domin wannan lissafin shi ne na yi a hunturuna na biyu a Kanada, kuma shi ne ya kusa raba 'ya'yana da ubansu.

A lokacin ina da wata tsohuwar Corolla, ina aikin dare, ga kuɗin haya, ga na makarantar ƙannena da ake jira a gida duk wata. Tayoyin da na sayi motar da su suna ɗauke da alamar M+S, wadda aka ce mini tana nufin laka da dusar ƙanƙara, sai na ɗauka magana ta ƙare. Ban san cewa robar irin waɗannan tayoyi takan fara taurarewa da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 ba, alhali ta tayar hunturu an haɗa ta ne don ta ci gaba da laushi tana kama hanya. Da wani abokin aiki ya matsa mini, sai na raba gardama na sayi biyu. Har yau ina ganin ba ganganci na yi ba, rashin kuɗi ne, kuma wanda ya tashi inda damuwar direba ita ce zafin kwalta da ramuka ba zai san santsi ba sai ya gani. Amma mai gyaran tayar ya gargaɗe ni, ya maimaita, na ce masa na yi shekaru ina tuƙi tsakanin Kano da Zariya ban taɓa buga ko akuya ba. Wannan kam girman kai ne, ba talauci ba.

Wata asuba ina dawowa daga aiki, dusa ta kwana tana zuba, motocin share hanya ba su kai ga unguwarmu ba. Na zo wata kwana na ɗaga ƙafa daga totur, gaban motar ya bi sitiyari kamar yadda na so, bayanta kuwa ya ƙi. Tayoyin gaba sun riƙe, na baya ba su da abin riƙewa, sai gindin motar ya zagayo. Na ga fitilun gidajen da na wuce sun dawo gabana, na taka birki har ƙasa ina salati, motar ta tsallaka ɗaya hannun ta afka cikin tudun dusa da baya. Ban gama sakin sitiyari ba wata babbar mota ta wuce daidai inda na ratsa. Kuɗin janwe da na gyara sun fi ƙarfin tayoyi biyun da na ƙi saya. Wani lokaci nakan ce ai ko da huɗu ne ƙila da hakan ta faru, tunda akwai ƙanƙara a ƙarƙashin dusar. Raina bai taɓa yarda da wannan uzurin ba.

Na yi niyyar rubuta wa matasanmu dogon bayani, amma na san ba za ku karanta ba, domin yaron da na zaunar ina ba shi wannan labarin idonsa na kan waya, wayar da kuɗinta ya isa tayoyi huɗu har da canji. Saboda haka ga shi a taƙaice. Ku sa huɗu, iri ɗaya, ko ku ajiye motar ku hau bas. Ku duba gefen tayar ku ga hoton dutse mai kai uku da tauraron dusa a cikinsa, domin M+S ita kaɗai ba ta wadatar ba. Tsallaken kogin nan a Kebek, doka ce ta tilasta wa motocin lardin tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Don Ontariyo, lardin da Ottawa take ciki, ba ta tilasta ba, ba shi ke nuna dusarta ta fi sauƙi ba, kuma kamfanonin inshora a nan suna rage kuɗi ga wanda ya sa su.

Ku daina sha'awar faffaɗar taya don ado. Ƙaramar mota ba ta da nauyi, faffaɗar taya sai ta riƙa yawo a saman dusa, siririya kuwa takan yanka ta ta kai ƙasa. Idan littafin motarka ya yarda da taya mai lambar girma 195/65R15 da kuma mai 205/55R16, ɗauki ta farkon, domin ita ce siririyar.

Kada ku sayi ta hannu. Na san ni ma ta hannu nake saya a shekarun da ba ni da hali, kuma ba zan ce wa ɗalibi ya ci bashi ba. To idan ya zama dole, a auna zurfin zanenta, in ya kusa milimita 4 a bar ta, sannan a karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Tsohuwar roba takan bushe ko da zanenta bai sude ba.

Kuma ko kun sa huɗun, kada ku amince da su. Na ga matasa suna gudu cikin dusa suna cewa ai tayoyinsu sababbi ne, kamar taya ce za ta yi musu hankali.

Shi ɗan ƙanwata na karɓe makullin motarsa, ya yi fushi ya kai ƙarata wurin uwarsa, ita kuwa ta ce in riƙe. Ranar Asabar za mu je tare, zan cika masa kuɗin sauran biyun, ya biya ni sannu a hankali.