An fara bakans, gidanmu ya cika

Yau kwana tara kenan da ƴaƴan Yaya suka sauka, sai yanzu na samu na zauna na taɓa waya. Yaya dai yayar maigida ce, aure ya kaita Yawunde, suna zaune a Birikitiri unguwar Hausawa, shekara uku rabon da ta turo yaran nan Garwa, arewacin Kamaru. Bana da aka gama jarabawar CEP ta gama firamare aka raba bultan, wato takardar sakamako, sai ta kira tace zata turo su duka ukun su yi bakans ɗin nan, wato dogon hutu, wajen Hajiya mahaifiyarsu maigida har farkon Satumba lokacin komawa lekol, makarantar boko kenan. Ƙanin mijinta ne ya rako su, sun kwana cikin jirgin ƙasa har Ngaundere, daga nan suka hau bas suka gangaro, basu iso ba sai bayan la'asar, ƙaramar tana barci a kafaɗar yayanta, ƙafafunta duk sun kumbura saboda zama.

Nawa huɗu ne, ga nasu uku, ga ɗan ƙanwata da dama yake wajena, yara takwas a tsakar gida ɗaya. Tukunyar da nake tuwo da ita tun ranar na ajiye ta na ɗauko ta Hajiya ta biki. Da safe kunun gyaɗa da ƙosai, kafin na juya an suɗe roba. Ba zan ɓoye ba akwai nauyi, lokacin nan ne hatsi ke tsada tunda na bara ya ja baya sabo kuma ko shuka ba a gama ba, kuɗin maigida duk sun tafi wajen taki da iri na gonarsa ta hanyar Pitowa. Amma da na yi masa maganar buhun masara ko zai kai mu sai yace, Maman yara, bakin da Allah ya tsaga ai baya hana shi abinci, ki dafa kawai. Nima dai har raina gara gidan a cike.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne daren farko. Hajiya ta jawo babban, ɗan shekara goma sha biyu, tana masa wasan nan na kaka da jika, maigidana ka zo ba ko kuɗin cefane, to ni na fasa auren. Yaron ya tsaya yana kallonta yana murmushi, yaji kalmomin amma bai gane wasa ake ba, sai ya juya ya tambayi ƙanwarsa da Faransanci wai me take nufi. Na ga fuskar Hajiya ta canja, bata ce komai ba ta saki hannunsa ta ɗauki carbinta. Wallahi abin ya taɓa ni sosai. Ba wai basa jin Hausa bane, suna ji, amma amsa sai da Faransanci, ƙaramar kuwa ko gaisuwa bata iya kaiwa ƙarshe. Kuma ni ban ga laifin Yaya ba, nan Garwa ma nawa da sun taka ƙofar gida Fulatanci ne, kasuwa Fulatanci, ɗan moto Fulatanci, lekol Faransanci, Hausar tamu a tsakar gida kaɗai take da wajen malam. To ina ga wanda ke can kudu.

Washegari Hajiya ta kafa doka, duk mai son wani abu a ɗakinta, alewa ko dabino ko sefa 50, sai ya roƙa da Hausa, kuma kowa sai ya zo ya durƙusa ya gaishe ta da safe kafin a tafi makarantar allo. Nawa kuma suka samu abin yi, dama taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, tsokana ba a magana. Suna kiransu ƴan kudu, su kuma suna ce musu ƴan rana saboda wai zafin garinmu ya ƙona su. Zafin ma ai basu ga komai ba, da a watan Afrilu suka zo lokacin da yake haura 40 da sun san Garwa.

Daren Laraba aka yi ruwa mai ƙarfi da iska, wuta ta ɗauke, muka kwashe tabarmi a guje. Da ya tsagaita na kunna fitilar caji a baranda sai ga shinge ya fito, nawa suka ruga da kwano da ruwa a ciki suna kamawa, baƙin suka maƙale jikin bango suna ihu. Ba a yi minti goma ba sai ga ta tsakiyar ta shiga ciki tana kamawa da hannu biyu. Na soya musu da ɗan gishiri, ita da tace ba zata ci ƙwaro ba ita ta nemi ƙari, kuma da Hausa ta nema, Aunty a ƙara min. Hajiya daga ɗaki tace wa naji, kishiyata ce ta yi baki?

Ruwan nan kuma shi ke kawo abin da nake tsoro, sauro. Bara autana ya kwanta da zazzaɓi har da ƙarin ruwa, bana son na sake ganin irin wannan daren, balle ga amanar ƴaƴan mutane. Na ɗaura gidan sauro uku, na ɗinke wanda ya yage, magariba na yi kowa ya sa riga mai hannu. Masu rabon maganin rigakafin nan da ke bi gida gida da damina, na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, nace da sun shigo layinmu a rubuta min har da ƙaramar Yaya, kwana uku ake sha duk wata kuma dan Allah iyaye a dinga cika ukun, kar a bada na ranar farko a jefa sauran kan taga. Sai kuma Binuwai, na gaya wa mazan ko da wasa kar naji an je bakin kogi, yanzu yana nan kamar ba komai amma nan da Agusta wani abu ne daban.

Babban shi burinsa ɗaya tun da ya zo, a kai shi ya ga filin Rumde Ajiya inda Najeriya ta ci Masar 1 da 0 a gasar Afirka farkon 2022, yace a tele ya kalla yana ƙarami. Kawunsa ya masa alkawari amma sai sun taya shi shukar gyaɗa tukun. Jiya suka je gonar, ya dawo tafin hannunsa duk ya yi ƙanta, ko wanka bai yi ba ya wuce ɗakin Hajiya ya zube mata ɗanyar yakuwa da ya tsinko a gefen gona, yace gashi cefane, kar ki fasa auren. Hajiya ta yi dariya har tana share ido da bakin mayafi, tace to maigida an gode, sai dai ba nama. Yanzu haka yakuwar na kan wuta, na aiki ɗan ƙanwata ya sayo busasshen kifin Lagdo na sa a ciki.