Abin da lambun unguwarmu a Marwa ya koya mini

Dashen itace ba shi da wuya a Marwa, a arewacin Kamaru. Daga Yuni zuwa Satumba ƙasa a jiƙe take, ko yaro ya tura dashen darbejiya cikin rami zai kama. Aikin yana farawa ne bayan ruwa ya ɗauke, kogin Mayo Kaliyawo ya koma yashi, zafi ya haura digiri 40 a Maris da Afrilu, awakin unguwa kuma suna farautar duk abin da ke da ɗanyen ganye. A ƙungiyar sa-kai da nake wa aiki, wadda ke riƙe da lambun unguwarmu, kuɗin bikin dashe bai taɓa gagarar mu ba. Wanda muke zufa kafin mu haɗa shi ne kuɗin ɗan garuwa a bazara, da na ƙayar shinge, da ɗan abin da za a ba mai gadi. Yanzu duk wanda ya zo da taimako, lissafin rani muke fara buɗe masa.

Darbejiyoyin da suka rufe titunan garin nan sukan sa ni tunani. Muna jin labarin shirin dashen itatuwa na Sahel Vert na shekarun 1970, zamanin shugaba Ahmadu Ahijo, amma ba a cika maganar waɗanda suka yi ta jigilar ruwa har itatuwan suka fi ƙarfin akuya ba.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne yadda mutane ke amfani da wurin. Ɗakin kwano a Afrilu ba ya zaunuwa da rana, balle idan an ɗauke wuta. A 2023 da 2024 azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu. Bayan azahar dattawa sukan shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, har da masu hawan jini da zaman ɗaki ke galabaitarwa. 'Yan makarantar da ke shirin jarrabawar BEPC da bakaloriya nan suke bita, don a gida babu sarari. Sai kuma iyalan da rikicin Boko Haram ya koro daga wajajen Kolofata da Mora. Da yawansu sun daɗe a unguwa ba mai sanin sunansu. Da muka ba matansu fangalin yakuwa da rama a gefen lambun, aka fara gaisawa a bakin rijiya, daga nan aka fara zuwa sunan juna da gaisuwar rasuwa. Wannan ba ya shiga rahoton da muke rubuta wa masu tallafi, amma a wurina ya fi yawan itatuwan da suka rayu daraja.

An taɓa shawarar a kulle ƙofa, a riƙa karɓar kuɗin shiga. Lawan ɗin unguwa ya hana, ya ce wurin da mutum ba ya shiga ba zai kore masa akuya ba. Maimakon haka aka ba mai ƙosai da mai shayi wuri kyauta, kowa da itatuwan da zai shayar.

A maƙwabciyarmu Cadi an ga irin wannan da girma. Giwayen gandun dajin Zakuma sun faɗo daga sama da 4,000 a 2002 zuwa kimanin 450 a 2010, shekarar da gwamnati ta damƙa riƙon gandun ga African Parks, ƙungiyar da ke kula da gandun daji. Ba bindiga kaɗai ta tsayar da farautar hauren ba, ko da yake an kashe masu gadi shida a 2012. An ɗauki mutanen yankin aiki, an gina makarantu, an raba wa ƙauyuka rediyon sadarwa don su kai rahoton baƙin mahaya, abin da ya kare su su ma. Daga baya giwayen suka koma haihuwa.

Damuwata a yau takarda ce. Fili yana tsada a Marwa, kuma lambun da inuwarsa ta yi kauri yakan ja idon masu son gina shaguna. Ƙungiya tana iya rasa mai tallafi, shugabanninta su watse. Shi ya sa muke ta zirga-zirga ofishin magajin gari, muna neman a rubuta filin a matsayin na jama'a, a sa hannun lawan da na dattawan unguwa, a ajiye kwafi a wurin liman da wurin shugabar ƙungiyar mata.