Bin Sawun Fam da Dala na Shekara Ɗari

Wani rubutu ne kan cinikayyar Birtaniya da Amurka ya jefa ni cikin wannan aiki. Cike yake da tsofaffin alƙaluma na fam, aka ce in mayar da su dala. Kuɗin 1950 ba a canza shi da farashin yau, don haka sai da na zauna na haɗa jadawalin canjin kuɗaɗen biyu shekara bayan shekara, na ɗebo mafi yawan alƙaluman daga Bankin Ingila da babban bankin Amurka, na zuba su a Excel.

Rabin farko bai cika wahala ba, domin gwamnati ce ke yanka farashi. Kafin yaƙin duniya na farko fam ɗaya dala 4.86 ne, saboda duka biyun an ɗaure su da zinariya. Winston Churchill, yana ministan kuɗi, ya mayar da fam kan wannan farashi a 1925, aka raba shi da zinariya a Satumban 1931. A 1940 aka tsayar da shi kan 4.03, a Satumban 1949 aka karya shi zuwa 2.80, sannan gwamnatin Harold Wilson ta sauke shi zuwa 2.40 a Nuwamban 1967. In ka zana layin waɗannan shekaru, matakalar bene za ka gani: shimfiɗa mai tsawo, sai faɗuwa dare ɗaya. Shi ya sa na ƙi amfani da matsakaicin farashin shekara a 1949 da 1967. Matsakaicin yana ba ka adadin da babu wanda ya taɓa saye ko sayarwa a kansa. Sai na nemi watan da aka yi cinikin.

Takardun kafin Fabrairun 1971 kuma da fam da sule da kwabo aka rubuta su, sule 20 a fam, kwabo 240. Sai ka fara mayar da su lissafin goma-goma kafin ka taɓa dala. Shekarun 2.40 ne kaɗai suka hutar da ni, don a lokacin kwabo ɗaya daidai yake da santi ɗaya na Amurka.

Akwai kuma tarkon kashi cikin ɗari. Daga 4.03 zuwa 2.80 fam ya zubar da kusan kashi 30. Amma Baturen Ingila da ke sayen dala tsadar kusan kashi 44 ya gani. Duk biyun gaskiya ne, ya danganta da gefen da ka tsaya. Na ga marubuta da dama suna cakuɗa su a sakin layi ɗaya.

Inda aikin ya yi daɗi shi ne bayan Shugaba Nixon ya raba dala da zinariya a Agustan 1971, Birtaniya kuma ta bar wa kasuwa farashin fam a Yunin 1972. Daga nan layin ya daina zama wuri ɗaya, kuma duk faɗuwar da ka gani sai zuciyarka ta ce a nemo laifin Landan. Wani lokaci haka ne. A 1976 fam ya gangaro ƙasa da 1.60, har gwamnati ta je neman bashi wajen Asusun Lamuni na Duniya, bayan tsadar kaya a Birtaniya ta haura kashi 20 a 1975. Wannan ciwon gida ne, babu musu.

Amma dubi 1985. A 1980 fam yana wajen 2.40, zuwa Fabrairun 1985 ya kusa 1.05. Mai kallon wannan layi shi kaɗai zai ɗauka Birtaniya ta durƙushe, ga kuma yajin aikin masu haƙar kwal a daidai lokacin, hujja a hannu. Da na ƙara shafi na uku na kuɗin Jamus ta Yamma, wato mak, sai labarin ya canza. Dalar da ke sayen ƙasa da mak 2 a 1980 ta haura mak 3.4 a Fabrairun 1985. Ashe dala ce ta tashi a kan kowa, tun da Paul Volcker, shugaban babban bankin Amurka na lokacin, ya ɗaga kuɗin ruwa a Amurka har wajen kashi 20 don ya karya tsadar kaya, masu jari daga ko'ina suka kwashi kuɗinsu suka nufi can. Da Amurka, Japan, Jamus ta Yamma, Faransa da Birtaniya suka haɗu a otal ɗin Plaza na New York a Satumban 1985 suka amince a sassauto da dala, sai ga fam ya wuce 1.80 kafin ƙarshen 1987.

Da wannan shafi na uku na auna sauran. Ranar 16 ga Satumban 1992 fam ne da kansa ya faɗi: an ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 10 zuwa 12, aka yi shelar 15, duk bai hana 'yan kasuwa irin su George Soros sayar da shi ba, da yamma Birtaniya ta fice daga tsarin canjin kuɗin Turai. Daga kusan dala 2 ya koma wajen 1.50 kafin shekara ta ƙare, ya kuma faɗi a gaban mak. Haka ma daren ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a Yunin 2016, daga 1.50 zuwa ƙasa da 1.35.

Na Satumban 2022 ne ya fi ɗaure kai. Kasafin gwamnatin Liz Truss ya tura fam ƙasa da 1.04, to amma a wannan watan yuro ma bai kai dala ɗaya ba, saboda Amurka na ta ƙara kuɗin ruwa. A gefen wannan layin dalilai biyu na rubuta, ban kuma yarda na raba musu kaso ba.