Abin da canza man sitiyarin tsofaffin motoci ya koya mini

Mafi yawan masu tsofaffin motoci sun san lokacin juye baƙin mai, wasu ma suna lura da man giya, amma man sitiyari ba a tuna shi sai ranar da famfon da ke tura man ya fara kuka ko sitiyari ya yi tauri. Shekarun da na yi ina kanikanci sun nuna mini cewa juye wannan man aiki ne mai sauƙi, kuma abin da ke buƙatar ƙwarewa shi ne karanta tsohon man kafin a zubar da shi.

Idan na buɗe murfin gwangwanin man sitiyari, nakan ɗiga man a kan farin ƙyalle. Wanda ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna ya sha zafi ne ya tsufa, kuma canji zai taimaka. Wanda yake da kumfa yana nuna cewa iska tana shiga ta wani wuri, yawanci ta tiyon da ke kai mai daga gwangwani zuwa famfo, domin robarsa takan bushe ta saki. Wanda kuwa ake ganin ƙyalƙyalin ƙarfe a cikinsa ya riga ya faɗi cewa famfo yana cin kansa, kuma babu sabon man da zai dawo da ƙarfen da ya goge. A irin wannan hali nakan ce wa mai motar: “Alhaji, zan canza maka man, amma ka fara tanadin kuɗin famfo.”

Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ta yi yawa a titunanmu, ita ce ta fi koya mini haƙuri. Takan yi kuka da safe, musamman a lokacin hunturu, kuma sau da yawa abin da ya lalace ƙaramin zoben roba ne a mashigar famfo, wanda yake ƙandarewa ya bar iska ta shiga. An sha sauya famfo mai lafiya saboda wannan zoben da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Batun irin man da za a zuba shi ne inda aka fi yin ɓarna, domin a wurin da yawa daga cikin masu sayarwa duk jan mai ɗaya ne. Tsofaffin motocin Toyota, irin su Camry, suna amfani da man giyar atomatik nau'in Dexron, kuma galibi an rubuta hakan a kan murfin. Honda tana da nata man na musamman, kuma kamfanin ya yi gargaɗi game da zuba mata waninsa. Motocin Jamus da dama, irin su Volkswagen da Audi da wasu BMW, suna son koren man CHF 11S. Man birki kuwa, wanda wasu direbobi kan zuba idan sun rasa mafita a kan hanya, yana lalata robobin da ke tare mai, har rak, wato ƙarfen da ke karkata tayoyin gaba idan an juya sitiyari, ya fara yoyo ta ko'ina.

Aikin kansa ba ya son gaggawa. Ana ɗaga gaban motar har tayoyi su bar ƙasa, a zuƙe abin da ke cikin gwangwani da sirinji, a cire tiyon da ke dawo da mai a saka bakinsa cikin gora, a toshe gurbinsa, sannan a riƙa juya sitiyari daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama ana ƙara sabon mai har launin abin da ke fitowa ya washe. Na fi son a yi wannan inji yana kashe, saboda idan yana aiki famfo kan kwashe gwangwanin cikin daƙiƙu kaɗan, ya shaƙi iska ya juya a bushe. Man da ke cikin duka hanyoyin bai cika wuce lita ɗaya ba a ƙananan motoci, amma nakan tanadi biyu. A ƙasan gwangwani da yawa akwai rariya mai tace datti wadda ba a cika dubawa ba, kuma idan ta toshe famfo zai ci gaba da kuka ko da man sabo ne fil.

Bayan an mayar da tiyo, sai a fitar da iska ta hanyar juya sitiyarin a hankali har kumfa ta ɗauke, kafin a tayar da inji. Ba a danne sitiyarin a ƙarshen hagu ko dama fiye da ɗan lokaci kaɗan, domin a nan ne matsi yake kaiwa maƙura, mai ya yi zafi, tsohon tiyo kuma ya iya fashewa.

Wani lokaci mai mota yakan dawo bayan mako guda yana cewa yoyo ya bayyana tun da aka canza man. Yawanci robar da ke tare man ta daɗe da mutuwa, datti ne kawai yake rufa mata asiri. Shi ya sa nake leƙa robobin da ke rufe gefen rak biyu tun kafin in taɓa komai, in nuna wa mai motar idan akwai laima ko tsagewa, mu yi magana a kan kuɗin gyaran kafin a buɗe gorar sabon mai.